Baitocin da Faifai Bai Ɗauka Ba

A garin nan jirgin ƙasa ba ya kuka. Daga tagar ɗakina a Abu Hail ina ganinsa yana sulalewa a kan gadarsa, ba hayaƙi, ba usur, jikokina ma sun ce ba direba a ciki. Na ɗauka tsokanata suke yi, sai da suka kai ni na leƙa da idona, na tarar da wata baiwar Allah tsaye a inda ya kamata direba ya zauna tana latsa waya. Tun da mijina Malam ya rasu 'yata ta ɗauko ni nan ƙasar Larabawa. Ita tana aikin jinya, mijinta yana tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali wajen kwantenoni, yana yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya. Ba abin da na nema na rasa, ba zan yi musu butulci ba. Amma gidan shiru gare shi. Garin tuwo yana zuwa a niƙe cikin leda, ruwa yana fitowa daga bango, waƙa kuwa kowa ya cusa tasa a kunne kamar maganin ɗigo, sai ka ga yaro yana kaɗa kai shi kaɗai ba ka san abin da ke kaɗa shi ba. Ni na tashi a inda in mutum ɗaya ya kunna waƙa, to layi duka ya ji, ko yana so ko ba ya so.

Barikin 'yan reluwe ne a Zariya, ɗakuna a jere da rufin kwano, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, tarinsa ma kana ji. Babanmu mai duba layi ne. Da sassafe yake fita da doguwar guduma a kafaɗa, yana bin dogo yana ƙwanƙwasawa, ya ce shi da kunne yake aiki, ƙarfen da ya tsage muryarsa daban take. Agogonmu jirgi ne. Na safe in ya yi usur an san lokacin koko ya yi, na rana yana wucewa a sauke shanya, na yamma kuwa duk yaran bariki sai mu kwasa zuwa bakin tasha mu ga wa ya zo, ko da ba mu da baƙo. Bayan ya tashi mu bi gefen layi da kwanduna muna tsintar gawayin da injin ya zubar, mu dawo baƙi ƙirin, Inna ta tare mu a bakin ƙofa da soso tana cewa ba za ta bar aljanu su shigo mata ɗaki ba. Mu biyu ne a wurinta, ni da Yaya. Ni yake kira Auta, har yau da na tara jikoki bai canja ba.

Shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji, Inna ta sami ciki bayan an daɗe da fid da rai. Da ya tsufa ta hau jirgin yamma zuwa garinsu don ta haihu a gaban tsohuwarta. Ba ta dawo ba, ita da abin da ke cikin. Baba ya je, ya dawo a wannan jirgin na yamma, ina tsaye a tasha na ga ya sauko da kwallarta ta ajiyar tufafi a hannu ɗaya, tabarmarta a ɗaya. Ban yi kuka a wurin ba, sai da muka zo gida na ga dutsen niƙa a jingine inda ta bar shi. Daga ranar niƙa ya dawo kaina, da tuwo, da wanki, da ɗebo ruwa a famfon bakin layi. Yaran yanzu ba su san dutse ba. Durƙusawa ake yi, ka tura ɗan dutsen gaba ka jawo shi baya, gero yana kuka a ƙarƙashi, bayanka yana kuka a sama, kuma ba a yin sa da baki rufe. Matan barikin kowacce da waƙarta ta niƙa. Ni ce ba ni da ita, don Inna ba ta kai ga koya mini tata ba.

Muna da garmaho a ɗaki. Wani akawun tasha ne, mutumin Saliyo, da aka yi masa canji zuwa kudu ya bar wa Baba shi da faya-fayai kaɗan, don ya yi masa nauyi. Akwati ne mai hannu a gefe, sai ka wana shi ya cika, ka sa allura, faifan ya fara da shuu kamar ana yayyafi kafin kiɗan ya fito. A cikinsu akwai wani tsohon faifai mai gutsurarren baki, rubutunsa duk ya goge. Kiɗan Turawa ne na da, da ƙaho mai magana ta hanci, da fiyano yana tsalle-tsalle, can a tsakiya wani namiji ya yi 'yar waƙa da Turanci ya yi shiru. Waƙar rawa ce, ta mutanen da suka ƙoshi. In Baba ya fita layi sai in jawo akwatin bakin ƙofa in kunna, in durƙusa a kan dutse. To hannuwana biyu suna kan niƙa, ba mai ƙara wana shi, sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa, kiɗan ya yi ta ja da baya har ya dawo daidai da tafiyar hannuna. A wannan sanyin ƙahon ya daina dariya, ya koma kamar mace tana kuka da zane a baki. Ban zauna na ce zan yi waƙa ba. Wata safiya kawai na ji bakina yana cewa:

Jirgin yamma, ka yi usur mun fito,
Kowa ya ga nasa, ni ina tawa?
Ka kawo kwalla, ka kawo tabarma,
Mai kwallar fa, jirgi, ina ka baro ta?

Haka ta yi ta tsawo, yau baiti gobe baiti. Na farko-farkon da jirgi nake magana. Na ƙarshen kuwa na bar jirgi na juya wajen Inna kanta, ina tambayarta abubuwan da ba ta tsaya ta gaya mini ba. Waɗannan ko ni ba kullum nake iya kai su ƙarshe ba.

Yaya a lokacin ya fara busa. Ya koyi begila a makaranta, daga nan ya shiga cikin wasu samari da ke kiɗa a kulob ɗin 'yan reluwe ranar Asabar, da ƙaho da banjo da ganga. Kyakkyawa ne, ga baki, irin mutumin da zai cinye naman miyarka ka bi shi da godiya. Ina sonsa ƙwarai, wannan ba na ɓoyewa. Rannan ya dawo ɗaukar wani abu ya tarar da ni a tsakiyar waƙar, ya tsaya a bayana ban sani ba, da na waiwaya na ga fuskarsa sharkaf da hawaye. Ya ce, “Auta, wa ya koya miki?” Na ce ba kowa. Ya sa na maimaita masa har ya haddace, ya ɗauko ƙahonsa ya bi ni a hankali, ni ina niƙa shi yana busa. Ba na jin a duk rayuwata na ƙara jin daɗi irin na wannan hantsin. Bayan Asabar biyu, waƙar ta fita daga kulob ta shiga kasuwa, masu tura kura suna yin ta, 'yan mata masu talla suna yin ta.

Da maganar ta kai kunnen Baba, ya zaunar da mu. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya ce da Yaya, “Kai namiji ne, ka je ka yi ta busarka. Amma ba na so in ji sunan 'yata a bakin mashaya. In aka san ita ta yi, ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa.” A zamanin gaskiya ya faɗa, ban ma ji haushinsa ba. Da yamma muna tsintar gawayi Yaya ya biyo ni gefen layi, abin da ya daɗe da dainawa. Ya karɓi kwandon ya riƙe mini. Ya ce, “Ki bar ta a hannuna amana. Ranar da furfura ta rufe mu, ba Baba, ba wanda zai ji kunya, ni da bakina zan gaya wa duniya taki ce.” Na ce to. Yarinya ce ni, an ce mini amana, kuma wana ne ya faɗa.

Ana nan sai mutanen wani kamfanin faifai suka zo daga Ikko suna neman waƙoƙin Arewa. Ban je ba, ina ni ina zuwa. Yaya ne ya ba ni labari, ya ce a ɗakin ajiyar wani kanti aka yi, an rataye barguna a bango, zafi kamar a mutu, ga wani Bature da ke ɗaga hannu a fara ya sauke a tsaya. Suna tsakiyar waƙar ya sauke hannu, ya ce faifai yana da iyaka, ba ya ɗaukar doguwar waƙa, sai dai a yanke. Aka yanke. Baitocin jirgi suka shiga, na Inna suka tsaya a waje. Bayan watanni faifan ya zo, baƙi mai sheƙi, da sunan Yaya a tsakiya yana juyawa. Na sa shi a garmahonmu na tsaya ina kallon sunan har kaina ya fara juyawa tare da shi. Daga nan mutane suka riƙe waƙar yadda faifai ya kawo ta, in Yaya ya zarce zuwa na ƙarshen a wurin wasa sai a ce ya ƙara nasa, har ya bari. Gidan rediyo suka riƙa sa ta a zaɓen masu sauraro, wasu suka sake yin ta da jita, wasu da kalangu. A bikina ma ƙawayena sun rera ta, ina lulluɓe ina jin su suna karya mini baiti na biyu, ba halin in gyara.

Malam mutumin kirki ne, malamin makaranta, amma gidansa ba a waƙa. Na haifi 'ya'yana, na aurar, ban taɓa gaya wa ko ɗaya ba. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro, musamman in an sa ta a rediyo yaran suna ihun ga waƙar Kawu. Sai in haɗiye. In na faɗa da bakina, tsohuwa ce ke neman suna a jikin ɗan'uwanta. Daga bakinsa nake so ta fito, yadda ya ce. Baba ya rasu, na jira. Injin niƙa ya zo aka jingine duwatsu, garmaho ya koma wurin ajiye kwanuka, jirgin yamma ya daina zuwa, Malam ma ya tafi. In mun haɗu a biki ko ta'aziyya Yaya yakan dube ni ya yi wannan murmushin nasa, ni kuwa in fassara shi da cewa bai manta ba.

Bara ɗansa ya kawo shi nan aikin ido, ya sauke shi a wurinmu ya wuce harkokinsa na kasuwa. Na yi murna kamar yarinya. Na yi masa tuwon dawa da miyar kuka, muka zauna muna lissafa mutanen bariki, wane ya mutu, wance ta mutu, muna dariyar abin da ba na dariya ba. Kansa fari fat, nawa ma haka. Jikana ya yi ta baza labari cewa mai “Jirgin Yamma” yana gidansu, har ya kai ga wani saurayi ɗan Katsina da ke aikin ofis a nan, wanda in ya tashi aiki yake haɗa shiri a kan tsofaffin waƙoƙi yana sawa a intanet. Yaron ya roƙi a ba shi rana, aka ba shi Asabar bayan la'asar. Da safen ranar na kai wa Yaya koko, na tsaya a kansa na ce, “Yaya, furfura fa ta rufe mu.” Ya ɗago da idonsa ɗaya, ɗayan yana rufe da auduga, ya ce, “Na sani, Auta, na sani.” Na koma ɗaki na ciro leshin da na ajiye don Salla, na sa kwalli, har da turare. 'Yata ta ce, “Mama, ke za a ɗauka ne ko Kawu?” Na ce ta bar ni, tsohuwa ma tana da ranarta.

Yaron ya zo da kyamara da fitila, ya durƙusa ya gaishe mu. Kafin a fara ya ce zai gaya mana abin da ya binciko, don ya sha wahalarsa. Ashe kiɗan nan namu mai gutsurarren baki yana da asali. Ya ce a Amurka aka fara buga shi a takarda, tun kafin a sa shi a faifai, ana sayar wa masu fiyano su kaɗa a gida. Wani ne ya yi kiɗan, wani dabam ya sa kalmomin. Sannan ƙungiyoyin makaɗa suka yi ta ɗaukarsa, baƙaƙe da farare, wannan da sauri wancan a hankali, har wani kamfani a Ingila ya sake bugawa aka loda a jirgin ruwa zuwa bakin tekunmu. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ƙasusuwansu ma sun zama ƙasa. Ya ce, “Wallahi Baba, har wanda ya zana hoton bangon takardar an san sunansa. Su ba sa yar da kowa.” Ina zaune a gefe da tiren shayi, ina cewa a raina yau nawa zai shiga cikin wannan jerin.

Ya kunna kyamara ya ce, “Yalla, Baba, bismillah. Yaya aka yi kiɗan rawa na Amurka ya zama waƙar da ta sa iyayenmu kuka?”

Yaya ya gyara hula ya fara. Bakin nan nasa bai tsufa ba. Ya kawo bariki, ya kawo akawun Saliyo, ya kawo Inna da kwalla da tabarma, har muryarsa ta yi rawa, kuma na san ba ƙarya yake ba, uwarsa ce shi ma. Ya kawo yadda garmaho ke rage gudu in ba a wana shi ba, abin da ni na nuna masa. Na ajiye butar shayi. Sai ya ce, “Wata safiya ina zaune a bakin ƙofa, faifan yana ja da baya, ana niƙa a tsakar gida. Ƙarar dutsen da kukan ƙahon suka haɗu a kaina, sai na ji waƙar tana sauko mini, baiti bayan baiti. Baiwa ce daga Allah.” Ya miƙa hannu wajena. “Ga ma mai niƙan nan, ƙanwata ce.”

Yaron ya juyo da kyamarar kaina, ya ce, “Masha Allah, Hajiya,” ya mayar da ita.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, sai dai in ce an ci amanata, a gabana, ina sanye da leshin Salla. Da ya manta ni ɗungum da ya fi mini sauƙi, sai in ce tsufa ne. Bai manta ba. Ya tuna ina wurin, ya tuna a durƙushe nake, ya duba duk labarin ya zaɓar mini wurin zama, ya ba ni ƙarar dutse.

Suka ci gaba, ni ban ƙara fahimtar komai ba, har na ji yaron yana cewa wani tsohon mai banjo a Kaduna ya gaya masa waƙar ta fi haka tsawo, akwai baitocin da faifai bai ɗauka ba. Yaya ya ce ƙwarai kuwa, su ne ma zuciyar waƙar, da mahaifiyarmu ake magana a ciki. Yaron ya kusa tashi tsaye. Ya ce, “Baba, don Allah ka yi mana su. Ba su a ko'ina, na duba. In muka ɗauka yau, khalas, shi ke nan, sun zauna har abada, inshallah jikokin jikokinka za su ji.”

Yaya ya rufe idonsa mai lafiya ya fara gunjin kiɗan a maƙogwaro. Ya zo inda kalmomi za su shiga, ba su shiga ba. Ya koma baya ya sake tahowa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya yi tari, ya nemi ruwa, ya sake. Fitilar tana haska masa goshi, gumi ya tsattsafo. Sai ya juyo wajena, hankali kwance, kamar mai neman a miƙo masa buta, ya ce, “Auta, yaya ma farkon na Inna yake?”

Suna nan a bakina, dukkansu, ko wasali bai ɓace ba. Na san in na buɗe baki za su rayu, a ji su a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, da sunansa a kai. Na san kuma in na yi shiru ba su da wani gida sai ƙirjina, ni kuwa ga inda shekaru suka kai ni. 'Yata tana kallona, jikana yana kallona, yaron ya riga ya fara juyo da kyamara.

Na ce, “Ni niƙa nake yi, Yaya. Ban ji ba.”

Yaron ya ce ayya, Allah Sarki, sun ɓata ke nan. Ya naɗe wayoyinsa, ya yi godiya, jikana ya raka shi. Na tattara kofuna. Da falon ya rage daga ni sai shi, Yaya ya kira ni ƙasa-ƙasa, na tsaya da tire a hannu, wata wawuyar zuciya tana ce mini ko yanzu ne. Ya ce, “Auta, kin ba ni kunya a gaban yara.”

Na dube shi, tsoho mai auduga a ido, wana, wanda na fi so a duniya. Na tambaye shi ko in ɗumama masa shayinsa, ya ce a bar shi. Bayan kwanaki ɗansa ya zo ya ɗauke shi suka koma gida, na raka su har bakin lif, na yi masa addu'ar sauka lafiya. Shirin ya fito, 'yata ta nuna mini a waya, an rubuta a ƙarshensa cewa sauran baitocin sun salwanta. Ba su salwanta ba. Ko a nan ban rubuta su ba, kuma ba zan rubuta ba.